Takardar Kebbi a Titin Wata Jiha

Rabin motocin da ke jigila a hanyarmu ta Jega zuwa Koko, in ka lura da goshinsu, lambar wata jiha suke ɗauke da ita. Mai mota ɗan Maiyama ne, direba ɗan Jega, aikinta kwasar mutane da buhunan gero daga Andarai zuwa kasuwannin kusa, amma lambarta ta Legas ce ko ta Abuja. Wata tun da aka kawo ta ko Yawuri ba ta sake gani ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin motoci ta tashar jiragen ruwan Apapa da Tin Can suke shigowa, wanda ya fara saye can yake yin rajista, na biyu da na uku kuwa sai su bar lambar yadda suka same ta, don canzawa kuɗi ne da zirga-zirga. Ga kuma abin da dillalai suka dasa a zukatan mutane, wai mota mai lambar Abuja ta fi daraja ranar sayarwa.

Tawa ma haka ta zo mini, tsohuwar Golf mai dogon baya, da lambar kurmi da wata jakar leda cike da takardu. Na kai wa kawuna, wanda ya tsufa a tuƙin babbar mota tsakanin Sakkwato da Legas, don ya sa albarka. Bai ko leƙa injin ba. Jakar ya karɓa, ya zazzage ta a kan tabarma, ya shiga rarraba takardun gida uku.

"Ɗana, waɗannan na gwamnatin tarayya ne, ko'ina ka je a ƙasar nan suna da baki. Waɗannan na jiha ne, bakinsu yana raguwa da zarar ka bar garin da aka yi su. Waɗannan kuwa," ya nuna tarin ƙananan rasit da sitika, "na ƙananan hukumomi ne da 'yan tasha. Wasu ko a ƙauyen gaba ba a san su ba."

Na ce, "Kawu, ashe ba ƙasa ɗaya muke ba?"

Ya ce, "Ƙasa ɗaya ce, masu karɓa ne da yawa. Allah shi tsare hanya."

Daga baya na fahimci cewa rabon da ya yi a kan tabarma shi ne kusan rabon da tsarin mulkin 1999 ya yi. Kuɗin fito, inshora da zirga-zirga a kan manyan titunan tarayya suna hannun Abuja. Rajistar mota, lasin shekara da dokar tuƙi a titunan cikin jiha suna hannun jihohi. Ƙananan hukumomi an bar musu tashoshin mota, da lasin keke, amalanke, baro da kwalekwale. A rubuce iyakar kowa a fili take. A kan kwalta ne ake samun cakuɗewa.

Takardar kwastan ita ce ta fi kowace nauyi a wajenmu, saboda muna zaune kusa da iyaka. Daga nan zuwa Kamba ba wani nisa ba ne, ga Tsamiya da Lolo ta wajen Bagudo, kuma shekaru da dama motocin Kwatano ta nan suke ratsowa. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta ruwa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ta Kamba ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Duk da haka motoci ba su daina shigowa ta daji ba, kuma har yau za ka ji dillali ya rage murya ya ce maka, "Alhaji, mota lafiya lau, kwastan kawai ba ta da shi." Arahar tana da jan rai. Na san wani maƙwabcinmu da ya sayi irin wannan, mota mai kyau, amma ba ta da hurumin hawa babban titi da rana. Ranar da matarsa ta shiga naƙuda mai wuya aka ce a kai ta Birnin Kebbi, motar wani ya nema, tasa tana ajiye a ƙofar gida. Abin ya zauna mini a rai ƙwarai. Mutum ya sayar da shanu ya sayi abin da ba zai fitar da iyalinsa ranar buƙata ba.

Wanda ya bi hanyar da doka ta yarda kuwa, nisa ne ke cin sa. Motar da aka sauke a Legas sai an biya direba ko tirela ta hauro da ita, sai mai, sai abin da ake bari a hanya. Man fetur ɗin ma tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayu 2023 ya daina zama farashi ɗaya ko a takarda. Jerin farashin da kamfanin NNPC ya fitar a kwanakin ya sa lita naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Iyakar nisanka da teku, iyakar abin da za ka ƙara. A da akwai asusun da ke biyan kuɗin dakon mai zuwa Arewa don farashi ya daidaita. Yanzu mai mota ne ke ɗaukar dakon a aljihunsa.

Akwai takardun da farashinsu ɗaya ne a duk ƙasar, aƙalla a hukumance. Hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji ita ke tsayar da kuɗin lamba da na lasin tuƙi, kuma daga Yunin 2025 lambar ƙaramar mota ta koma naira 30,000, lasin tuƙi na shekara uku 15,000, na shekara biyar 21,000. Inshorar nan ta dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, hukumar NAICOM ta ɗaga ta daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023. To amma ɗan Andarai bai taɓa biyan wannan kuɗin cif ba. Lasin tuƙi sai ka je da kanka an ɗauki hotonka da zanen yatsa, wato kuɗin mota zuwa birni, da yinin gona ko na kasuwa da ka rasa, kuma in na'ura ba ta aiki ranar sai ka sake dawowa. Wanda bai iya wannan jeka-ka-dawo ba sai ya miƙa kuɗi ga ɗan tsakiya, shi kuma ya ɗora nasa. Mazaunin birni yana iya biyawa ofis bayan ya tashi aiki. Mu takarda iri ɗaya muke riƙewa da shi, amma tamu ta fi tsada.

Wajen inshora ɗan tsakiya ya fi cutar mutanenmu. Da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda kawai, don haka duk wanda ya kawo mai araha shi ne gwani. Alhali ta gaskiya tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan uku, bayan abin da ya shafi rauni ko rai. Ka yi tunanin malamin makaranta ko manomin albasa da birki ya ƙwace masa ya daki motar wani, a ce ya kawo miliyan biyu. Gona ce za ta tafi. Tantancewar kuwa ba ta da wuya: kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai guda, ka danna *565*11# a waya ka sa lambar motarka, za ka ga ko sunanta yana ciki. Na sha yi wa direbobi wannan a tasha, kuma na sha ganin fuskar mutum ta canza, ya ga shekara da shekaru takardar banza yake saye. Tun 1 ga Fabrairu 2025 da 'yan sanda suka fara matsawa a kan inshora a duk ƙasar, masu tambaya sun ƙaru. Na ji daɗin haka, ko da tsoro ne ya kawo su.

Inda bambanci ya fi fitowa shi ne dokokin jiha da masu tsare su. Legas ta kafa LASTMA tun 2000. Kano ta kafa KAROTA a 2012. Kaduna tana da KASTLEA, Zamfara tana da ZAROTA, kowace da kakinta da jerin laifuffukanta da kuɗin tararta. Abin da za ka yi a Jega a ɗaga maka hannu a ce "a kula dai, Malam," shi ne zai raba ka da motarka a wani gari. A ƙarƙashin dokar sufuri ta Legas ta 2018, bin hannun da ba naka ba yana iya jawo a ƙwace motar gaba ɗaya, kuma a Satumbar 2022 jihar ta yi gwanjon motoci sama da ɗari da aka kama, masu su suna tsaye suna kallo, wasu suna kuka. Baƙon da ya shiga birnin bai san wane titi ne mai hannu ɗaya ba, allon ma wani lokaci ya faɗi, amma rashin sani ba ya fid da shi. Ko fentin motar haya kowace jiha da nata, ruwan ɗorawa da baƙin layi a Legas, kore a Abuja.

Babur ma haka. A nan shi ne ƙafar talaka, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake kai taki fadama. A Kano an hana acaɓa tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A Legas an hana shi a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, kuma babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Samarinmu da ke tafiya cin rani da babur ɗin bashi su ne wannan doka ta fi faɗa wa. Na ga waɗanda suka dawo hannu rabbana, ga bashin yana jiran su a gida. Jiha tana da ikon tsara titinta, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne yaro ya bar Aliero ko Sambawa ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa unguwannin da babur ba ya shiga.

A Oktoban 2024 labari ya cika wayoyi cewa kotu ta kori jami'an VIO daga titi. A tashar Jega har murna ake yi. Gaskiyar maganar, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ce, a ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke cewa jami'an duba motoci na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tsayar da mota, ƙwace ta ko cin tara, domin babu dokar da ta ba su wannan iko. Nan take gwamnatin Legas ta ce hukuncin bai shafe ta ba, ita tana da dokarta da majalisarta ta yi. Kawu da ya ji samari suna ta zumuɗi sai ya ce da ɗaya daga cikinsu, "Yaro, kafin ka yi gardama da mai kaki, ka fara tambaya a wane gari alƙalin ya zauna." Tun daga lokacin duk labarin doka da ya zo mini, farkon abin da nake nema shi ne iyakar inda ta tsaya.

Sai dai duk wannan ƙarami ne in aka gwada da abin da motar kaya ke gani. Ni da yayana muna da hannu a wata Kanta da ke ɗaukar albasa, kuma nakan bi ta wani lokaci in kaya namu ne. Daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 jiha shida za ka taka: Kebbi, Neja, Kwara, Oyo, Ogun, Legas. Ka bi Koko da Yawuri, ka shiga Kwantagora, ka gangara Mokwa, ka haye gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Badun. Gilashin gaban motar rabinsa sitika ne. Akwai ta lodi da saukewa, akwai ta amfanin gona, akwai ta tsabtar muhalli, akwai ta tallan da aka rubuta a jikin mota ko da sunan mai ita ne kawai da addu'a, akwai ta rediyo. Direba yana da jaka guda ta waɗannan kaɗai, kuma kowace sabuwar shekara sai a sake daga farko.

A wani gari da ba zan ambata ba, wasu matasa suka jawo katako mai ƙusoshi suka tare mu, suka ce a kawo takardar rediyon mota. Direbanmu ya miƙa wadda muka yanka a gida. Babbansu ya juya ta ya ce wannan ta can ce, nan sai tasu. Na sauko na ce masa, "Ranka shi daɗe, wannan kuɗi inda aka yi wa mota rajista ake biyan sa, kuma mun biya." Ya dube ni ya dubi buhunan, ya ce to mu gyara fakin mu jira shugabansu. Rana tana tsaka, albasa tana cikin buhu. Ya san abin da na sani, cewa kayan gwari ba sa jiran shari'a. Direba ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kana da gaskiya, amma in muka kwana nan asarar ta fi abin da suke nema sau hamsin." Muka biya.

Abin da na faɗa masa ba daga kaina na ƙirƙiro ba. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta ce kuɗin rediyon mota na ƙaramar hukumar jihar da aka yi rajista ne, ta kuma hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. An sha maimaita wannan hani daga Abuja. A 'yan shekarun nan ma an fito da sitika guda da aka ce za ta wadatar a duk jihohi. Direbobi sun saya, suka liƙa ta kusa da sauran, don a wurare da dama ba ta hana a tambayi na gida ba. Kuɗin nan kuwa ba daga aljihun direba yake ƙarewa ba. Ɗan kasuwa yana lissafa shi tun kafin ya taya buhu, sai ya rage wa manomin da ya kwana yana ban ruwa a fadama, ya kuma ƙara wa matar da za ta sayi albasa uku a Legas. Su biyun ba wanda ya taɓa ganin shingen.

Zan so in tsaya nan in ce laifin duk na wasu ne, amma zuciyata ba ta yarda ba. Akwai abin da jihohi masu tsanani suka fi mu gaskiya a kai. Tun Janairun 2022 Legas ta ce ba za ta ba da takardar lafiyar mota ba sai an kai motar an gwada birki da fitilu da sauran su a na'ura. A wurare da yawa kuwa ana kawo wa mutum wannan takarda har gida, ba wanda ya ga motar, balle ya taka birkinta. In jami'in wata jiha ya raina irin wannan takarda, da wane baki za mu yi masa musu? Mu nan mun saba da mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wasu a but, ga buhu a sama, ga tayar da ta gama shekarunta tun a Turai. Muna kiran rashin matsi sauƙi. Wanda yake son ya ga kuɗin wannan sauƙi ya je gidajen maɗoran Aliero, waɗanda sunansu ya kai har ƙasashen maƙwabta, ya tambayi majinyata nawa ne hatsarin mota da babur ya kawo. Na rasa wani ɗalibina a hanyarmu, yaro mai hankali, tayar gaba ce ta fashe. Ba na ƙaunar shingen karɓar kuɗi, amma ina fatan ranar da za a sami wurin gwajin mota na gaskiya a Jega, a hana takarda ga motar da ba ta cancanta ba ko ta wane ce, tawa ma in ta gaza.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin ƙasa ba. A Amurka kowace jiha ita ke ba da lambarta da lasinta, kuɗin ma ya bambanta sosai, amma wanda ya yi rajista a jiha ɗaya yana ratsa sauran ba a ce ya sake saye. Nan kusa da mu, ka haye Kamba ka shiga Gaya, katin mallakar mota na Nijar guda ne daga Doso har Agadas. Jihohinmu suna iya riƙe ikonsu na tsara titi, su kuma yarda da takardar juna, muddin kowace ta tsaya ta duba abin da take sa wa hannu.

Golf ɗina na mayar da ita lambar Kebbi. Sai da na nemo takardar ciniki, na yi rantsuwa a kotu, na bi ta wajen 'yan sanda, kafin a kai ga ofishin haraji, kuma abokai sun ce na rage mata daraja. Dalilina biyu ne. Sunan da ke takardun na wani mutum ne da ban taɓa gani ba, in wani abu ya faru ba ni da hujjar cewa tawa ce. Na biyu, titin Kebbi take ci kullum, ban ga dalilin da kuɗin lasinta zai riƙa tafiya wata jiha ba, ina kuma son in na yi ƙorafin ramukan hanya in yi shi a matsayin wanda ya biya.

Kwanan baya ƙanena ya zo da maganar sayen Sharon, zai sa ta layin Jega zuwa Sakkwato, wani lokaci har Kano in an sami shata. Ya riga ya tara kuɗin da dillali ya faɗa. Muka zauna da biro. Muka sa kuɗin tantance takardar kwastan kafin a biya ko sisi, da canjin suna, da jar lamba ta haya maimakon shuɗiyar da ke jikinta, da inshorar motar haya daga kamfani kai tsaye, da lasinsa, da rajistar ƙungiyar direbobi da abin da ake bayarwa a tasha kowane lodi, da taya huɗu masu sauran rai. Na ce kuma kafin ya doshi Kano ya sami direban da ya dawo daga can cikin makon, ya tambaye shi inda ake sauke fasinja da inda ba a tsayawa. Da muka haɗa lissafin, abin da ke hannunsa ya gaza. Ya ce, "Yaya, wannan ai sai na jira." Ya ɗage sayen zuwa bayan an cire albasa.